Gani ya daina korar ji: jabun murya da jabun hoto na bakin ƙofar jami'o'inmu

Jama'ar Allakaye, Tama, Tabotaki, Karofan, Garhanga, Tamaske, Madawa, da ƴan'uwanmu da ke bin mu daga Abijan, Libiya da Kamaru. Maganar yau ba ta da daɗi, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun muna yara anka koya muna cewa gani ya kori ji. In mutum ya ce "na ji", sai a ce mai ya tahi ya gano. In ya ce "na gani da idona", an rufe zance. Wagga ƙa'ida da kakanninmu sunka zamna a kanta ta karye a cikin salular da ke aljihunku. Yanzu akwai na'ura da ke ɗaukar fuskar mutum ta liƙa a jikin wani, ta ɗauki muryarshi ta faɗi abin da bai taɓa faɗi ba. Turawa na ce ma abin dipfek, sunan da ya fito a dandalin Reddit a 2017. Mu dai jabu za mu ce mai, don shi ne sunanshi. Kuma wurin da zai fi yi muna ɓarna shi ne wurin da munka fi sa rai, wato jami'a, inda muke aika ɗiyanmu bayan an saida albasa, an saida bisashe, an aiko daga ci-rani.

Yadda abin ke aiki ba tsafi ba ne. Ana ba kwamfuta samfur: hotunan mutum, ko muryarshi da anka naɗa. Sai ta nazarci kaurin muryar, yadda yake jan harafi, inda yake numfasawa, yadda leɓɓanshi ke motsi, har ta iya kwaikwayo. Da can sai an tara sa'o'i na murya. A watan Janairu 2023 kamfanin Microsoft ya nuna wata manhaja mai suna VALL-E wadda daƙiƙa 3 na murya sun ishe ta. To ku lissafa saƙonnin murya nawa, bokal nawa, kowanenmu ya saki cikin gurup-gurup na WhatsApp tun safe. Mu masu magana a rediyo kam ba a zancenmu, muryoyinmu na yawo kyauta cikin kowane gida.

Mun san amsar da wasu za su ba mu, don mun saba jin ta: "Wanga abin na Turawa ne, na'ura ba ta jin Hausa, balle Adaranci." Wannan kwanciyar hankali ce ta banza. Tun watan Mayu 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya fito da na'urar da ke karanta rubutu da murya cikin harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Ban da haka akwai wata dabarar da ba ta buƙatar na'ura ta san harshe ko kaɗan: wani ɗan unguwarku ya yi magana da bakinshi, da Adarancinshi tsantsa, na'ura ta sauya muryar ta koma ta wanda ake so a ɓata. Shi kuwa hoto ba ya da yare. Fuskar yarinyar Buza da ta yarinyar Faransa duk ɗaya ne a wurin kwamfuta. Ga maƙwabtanmu na Burkina Faso ma, a watan Janairu 2023 an watsa bidiyoyin wasu mutane da ke cewa su Amurkawa ne masu kishin Afirka, ashe babu mutum ko ɗaya a ciki, da manhajar Synthesia anka ƙera su. Abin ya riga ya shigo Sahel.

Mu fara da abin da ya fi ci muna rai: ɗiya mata.

A Koriya ta Kudu, a watan Mayu 2024, ƴan sanda sun bayyana cewa wasu tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ƙasa ta Seoul, jami'ar da ta fi kowace daraja a ƙasar, sun kwashe shekaru suna ɗaukar hotunan mata, ciki har da abokan karatunsu, suna haɗa su da hotunan batsa suna watsawa a Telegram. Mata sama da 60 abin ya shafa. Babban mai laifin an yanke mai shekara 10. A watan Agusta na wannan shekara sai anka gano abin ya bazu cikin jami'o'i da makarantun sakandare da yawa, har majalisar ƙasar ta yi doka a watan Satumba cewa ko ajiye irin wanga hoto ko kallonshi laifi ne mai kai mutum kaso. A garin Almendralejo na ƙasar Sipaniya, a watan Satumba 2023, ƴanmata sama da 20 ne ƴan makaranta ƴan'uwansu sunka tuɓe da manhaja, daga hotunan da yaran sunka ɗauka da suturarsu. A 2025 kuma, a Jami'ar Hong Kong, an samu ɗaruruwan irin waɗannan hotuna a kwamfutar wani ɗalibin shari'a, na abokan karatunshi da malamai mata, kuma abin da jami'ar ta fara yi mai shi ne takardar gargaɗi, har mutane sunka yi ca.

Ku lura da abu ɗaya: babu yarinyar da ta aikata komi a cikinsu. Hoton salla, hoton biki, hoton katin ɗalibi ya isa.

Yanzu ku ɗauko wanga labari ku aje shi a garinmu. A ƙasarmu, bisa alƙaluman UNICEF, kashi 76 cikin 100 na ƴanmata ana yi masu aure kafin shekara 18. Yarinyar da ta tsallake wannan, ta ci birebe, ta ci bak, ta samu ubanta ya yarda ta tahi Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sau nawa anka yi mahawara a zaure kafin a bar ta? Kawu ya ce a'a, goggo ta ce birni na lalata yara, uba ya dafe zuciya ya ce ta tahi. Ranar da wani saurayin da ta ƙi, ko wani abokin karatu da ta fi maki, ya saki hoton jabu cikin gurup na ƴan gari, mi kuke tsammani zai faru? Kafin la'asar ya kai Abijan ya dawo. Kafin a gano ƙarya ne an aika mota ta ɗauko ta. Baikonta ya watse. Kuma ƙannenta biyar da ke bayanta, da ɗiyan maƙwabta, an rufe masu hanyar jami'a, don kawu zai miƙe ya ce: "Ba na faɗa maku ba?"

Da ku muke, iyayenmu maza da yayyenmu. In irin wanga hoto ya zo maku, yarinyar ita anka zalunta. Wanda ya ƙera shi shi ne mai laifi, wanda ya tura shi gaba abokin laifi ne. Uban da ya cire ɗiyarshi daga karatu a kan hoton da bai bincika ba ya gama wa azzalumin aikinshi da hannunshi. Addininmu bai bar mu cikin duhu ba a nan. Suratun Nur ta sauka ne bayan ƙazafin da anka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta gindaya shaidu huɗu, ta sa bulala 80 a kan mai jifar mace da abin da bai iya tabbatarwa. Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike in labari ya zo daga bakin fasiƙi. Hoton da ba a san wanda ya yi shi ba, daga lambar da ba a sani ba, ko matsayin shaida ɗaya bai kai ba. Muna roƙon malamanmu na masallatan Juma'a su faɗi wannan a bisa mumbari tun abin bai faru ba.

Na biyu, malaman jami'a da kansu. A watan Janairu 2024, a makarantar sakandaren Pikesville kusa da birnin Baltimore na Amurka, wata murya ta fito ana jin shugaban makarantar na zagin ɗalibai baƙaƙen fata da Yahudawa. Gari ya ɗauka, anka dakatar da shi, anka yi ta yi mai barazana. Sai a watan Afrilu ƴan sanda sunka kama malamin da ke kula da wasanni na makarantar, wanda shugaban ke bincike a kan wasu kuɗɗi. Shi ya ƙera muryar. Wata uku mutum na ɗauke da zunubin da bai yi ba, a ƙasar da ke da ƙwararrun binciken murya. A wurinmu, inda tsakanin ɗalibai da hukumar jami'a ko yaushe akwai zafi a kan burs, abinci da ɗakunan kwana, murya ɗaya ta jabu da anka ce ta rektar ce ko ta wani mushe na zagin wata ƙabila ko yana taɓa addini ta isa ta tada wutar da ba a kashe ta da sanarwa.

Amma akwai ɗaya fuskar, kuma ita ta fi ba mu tsoro. A 2018, a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife a Najeriya, wata ɗaliba ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele yana neman ta da lalata don ya ba ta maki. Wagga murya ita ta sa jami'a ta kore shi, kotu ta ɗaure shi shekara 2 a watan Disamba na shekarar. A watan Oktoba 2019 sashen binciken BBC na Afirka ya fito da bidiyon sirri na malamai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana masu irin wanga hali. Makamin yarinya marar gata a gaban babban malami shi ne salularta. To yau in ta kawo murya, amsa ta riga ta zamna a bakin mai laifi: "Na'ura ce ta yi." Jabu ya ɓata mai gaskiya, ya kuma ba maƙaryaci mafaka.

Mun ga yadda shakka kaɗai ke aiki. A Gabon, bayan Shugaba Ali Bongo ya yi rashin lafiya a Saudiyya a watan Oktoba 2018, an nuna jawabinshi na sabuwar shekara, mutane sunka ce jabu ne. Ranar 7 ga Janairu 2019 wasu sojoji sunka kama gidan rediyon ƙasa suna kafa hujja da yanayin da sunka gan shi a bidiyon. Masu bincike ba su samu hujjar jabu a ciki ba. A Najeriya, a watan Disamba 2018, sai da Shugaba Buhari ya tsaya a ƙasar Foland yana shaida wa jama'a cewa shi ne da kanshi, ba wani Jibrin daga Sudan ba. In shugaban ƙasa sai ya yi rantsuwa shi ne shi, ina ga ɗalibar shekarar farko?

Na uku, kuɗɗi da jarrabawa. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga shugaban sashen kuɗɗi da abokan aikinshi, ya ji muryoyinsu, ya tura dala miliyan 25 na Amurka. Duk mutanen da ya gani jabu ne. Mu ba mu da miliyan 25, amma muna da tsohuwa a ƙauye da za ta ji muryar ɗanta yana kuka, wai za a kore shi in bai biya kuɗɗin rajista kafin azahar ba, a tura jika hamsin a wata lamba. Mun riga mun san masu kiran "kun ci kyauta". Waɗannan da muryarsu suke zuwa, kuma duk da haka suna cin kasuwa. Sannan duk jami'ar da ke karɓar jarrabawar baki ko kare memwar ta bidiyo daga nesa ta sani cewa fuskar da ke cikin allo ba lalle ita ce ta mai sunan ba. Takardar dipulom da anka samu da fuskar aro, a asibiti ko a kotu za mu biya kuɗɗinta.

To, sai a hana? A karɓe salula daga hannun ƴanmata, a toshe intanet a jami'a? Masu wagga shawara ma muna jayayya da su. Karɓe salular yarinya ba ya hana a yi jabunta, don hoton da za a yi aiki da shi yana cikin salular ƙawarta. Abin da zai hana ta shi ne karatu, tunda darussa da yawa yanzu ta WhatsApp ake raba su. Kuma wagga fasaha na da amfanin da mu munka fi Turawa buƙatarshi.

A 2019 an yi bidiyon yaƙi da zazzaɓin cizon sauro inda ɗan ƙwallo David Beckham ya yi magana da harsuna 9, har da Larabci, Swahili da Yarabanci. Da yardarshi anka yi, kuma an faɗa wa kowa na'ura ce. Ku yi tunanin wannan a aji. Mu da munka yi lise da Faransanci mun san yara nawa masu kaifin kai sunka faɗi, lissafi bai gagare su ba, harshen da ake koyar da shi ne ya kada su. Kundin da anka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To da wane malami, da wane littafi? Jami'ar Tawa a 2010 ta zama jami'a, ita da ta Maraɗi da ta Damagaram, kuma kowa ya san malamai ba su wadata ba, shekarun karatu na hawa bisa juna. Darasin farfesa ɗaya na tattalin arziki ko na shari'a, in an naɗe shi, ana iya juya shi da muryarshi zuwa Hausa, Zabarmanci ko Tamajak, ɗalibi ya saurara da dare ya koma aji ya gane Faransancin. Binciken da anka yi a kan ganuwar duwatsu ta Aikin Keita da ya fara a 1984, ko a kan layukan itatuwan kare iska na kwarin Majiya, wanda ke kwance cikin memwar da Faransanci, ana iya maida shi magana ya dawo wurin manoman da anka yi binciken a gonakinsu. Malamin da ciwo ya ɗauke wa murya na iya ci gaba da koyarwa. A 2024 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong ta gwada malaman na'ura a aji, har da mai siffar Einstein, ɗalibai na sane da abin da ke gabansu.

Bambancin amfani da ɓarna a bayyane yake. Mai fuskar da mai muryar ya yarda? An rubuta a jikin abin cewa na'ura ce ta yi? Akwai mutum mai suna da zai amsa in an samu kuskure? In ɗaya ya ɓace, jabu ne ko da niyya mai kyau ce. Shi ya sa ba mu yarda a tada matattu a sa masu magana a baki ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya rasu a 1991. Abin da ya rubuta yana nan, a karanta shi. Ranar da anka sa fuskarshi tana faɗin ra'ayin wani na yau, an yi mai ƙarya, kuma yaron da ya gani zai ɗauka tarihi ne. Haka ga manyan malaman addini da sunka riga mu gidan gaskiya, wanda nan hatsarin ya fi girma.

Wasu ƙasashe sun motsa. Sin ta wajabta sa alama a kan irin waɗannan abubuwa tun Janairu 2023. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta yi haka. Amurka a watan Mayu 2025 ta ba dandali awa 48 su cire hoton tsiraicin da anka sa ba da yardar mai shi ba, na gaske ko na jabu. Mu muna da dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019, wadda anka sake tsaurara ta a watan Yuni 2024 anka maido hukuncin kaso, muna kuma da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP. Dokar ta ambaci mai watsawa, ba mai ƙerawa kaɗai ba. Wanda ke rubuta "kamar yadda na samu" ya tura, ya san da wannan. Muna kuma fata a yi aiki da ita wajen kare yarinyar da anka ɓata da irin zafin da ake aiki da ita in an taɓa manya.

Ga abin da muke nema. Hukumomin jami'o'inmu su rubuta ƙa'ida a fili, a liƙa ta a kowane sashe, a karanta ta ranar shiga: ƙera jabun ɗalibi ko malami laifin kora ne, wadda abin ya shafa ga ofishin da za ta je, ga macen da za ta saurare ta cikin sirri, kuma karatunta ba ya tsayawa. In an kawo murya ko bidiyo a kan malami, kada a yanke hukunci a kan kofin da ya yi yawo a gurup, kada kuma a yi watsi da shi don an ce na'ura ce. A nemi asalin salular da ta naɗa, a duba rajistar kira, a ji shaidu. Jarrabawar da ke ba da dipulom a yi ta ido da ido. Ƙungiyar ɗalibai ta USN da ƙungiyar malamai ta SNECS, da sunka iya tsayawa a kan burs da albashi, su sa wagga magana cikin takardun buƙatunsu. Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin Buza, Keita da Madawa, in kun dawo hutu, ku zamna da iyaye ku nuna masu da idonsu yadda ake sauya murya. Wanda ya gani sau ɗaya ba a ruɗin shi da sauƙi.

Iyaye, ku yi kalmar sirri tsakaninku da ɗanku kafin ya tahi, wadda ba a taɓa faɗinta a salula ba. In an kira ana neman kuɗɗi da gaggawa, ku kashe, ku kira lambarshi da kunka sani, ku kira abokin ɗakinshi. Masu riƙon gurup, hoton tsiraici ko muryar ɓatanci in ta shigo, ku goge, ku fidda wanda ya sa, ku adana lambarshi don jandarma. Mu ma masu rediyo mun ɗauki namu: duk muryar da ta zo muna ba ta hawa iska sai mun kira mai ita, kuma duk sanarwar jarrabawa ko ta burs da kunka ji da muryar ɗayanmu cikin WhatsApp, in ba ku ji ta a tasha ba, ku tambaya kafin ku yi aiki da ita.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Koriya ya kama, na Sipaniya ya kama, na maƙwabta na hayaƙi. Ɗiyanmu mata da ƙyar munka samu sunka fara shiga jami'a, kada mu bari hoton da wani marar tsoron Allah ya haɗa cikin minti biyar ya maido su gida.

Allah ya tsare muna ɗiyanmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya kare mu daga zama masu ɗaukar ƙazafi. Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba.